BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA: DARASIN ANNOBA DA AMBALIYA A JEGA, ALIERO DA MAIYAMA

Duk matafiyin da ya taso daga Sakkwato ya nufi Yawuri da Kwantagora bisa babbar hanyar mota, ba makawa ya ratsa garuruwa uku na Jihar Kebbi bi da bi, watau Aliero, da Jega, sa'an nan Maiyama. Kowane ɗaya daga cikinsu da abin da aka san shi da shi. An san Aliero da albasa, da masu ɗorin karaya waɗanda ake zuwa wurinsu daga nesa, da kuma jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha wadda aka kafa cikin 2006. An san Jega da kasuwarta, wadda tun cikin ƙarni na 19 fatake masu zuwa Gwanja sayen goro suke yada zango a cikinta, da kuma gulbin da ke shayar da fadamunta. Ƙasar Maiyama kuwa ta manoma ce, masu gero da dawa a tudu, da shinkafa a fadama.

Amma cikin shekarun nan na baya sunayen garuruwan uku sun riƙa fitowa a wani littafi dabam, wanda ba mai son ganin sunan garinsu a ciki. Sanƙarau ya yi ɓarna a Aliero da Jega fiye da sau ɗaya. Gulbi ya cinye gonakin shinkafa. A Maiyama kuma aka buɗe sashe na musamman a asibiti domin yaran da yunwa ta ƙanjame.

Wanda ya jera waɗannan masifu bisa watannin da suka auku zai ga wani abu da ya kamata ma'aikatan gwamnati su tsaya su yi tunani a kansa. Kowace ɗaya tana da lokacinta, kusan kamar yadda shuka da girbi suke da nasu. Gobara ta fi yawa da hunturu. Sanƙarau da ƙyanda su kan taso daga ƙarshen hunturu zuwa bazara. Iska mai kwashe jinka da kwano tana tare da ruwan farko. Yunwa da zazzaɓin cizon sauro su kan tsananta a tsakiyar damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai iso ba. Ambaliya ta watan Agusta da Satumba ce, amai da gudawa na biye da ita. Abin da ya zo bara cikin wata kaza, ya zo bara waccan cikin watan nan, bai kamata a ce ya zo ba zato ba tsammani ba.

SANƘARAU DA BAZARA

Cikin watan Maris na 2025 Kwamishinan Lafiya na Jihar Kebbi ya ba da sanarwa cewa mutum 26 sun rasu sabo da wata cuta da ake zaton sanƙarau ce, daga cikin mutum 248 da suka kamu. Goma sha biyar daga cikin mamatan na Gwandu ne, 6 na Jega, 4 na Aliero, ɗaya kuma na Argungu. Gwamnatin jiha ta fitar da Naira miliyan 30 domin sayen magunguna, aka kuma keɓe wuraren jinya a Gwandu da Jega da Aliero, tare da taimakon ƙungiyar likitocin nan ta ƙasa da ƙasa, MSF, wadda ake kira Na Gari Na Kowa. Cutar ba ta bar ɗalibai ba, gama har a jami'ar da ke Aliero an yi rashi. Bayan wannan sanarwa ma yawan mamatan ya ci gaba da ƙaruwa.

Sanƙarau cuta ce da ke kumbura tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. Ƙwayar da ke kawo annobarsa tana zaune a maƙogwaron mutane da yawa ba tare da ta yi musu lahani ba, suna yawo da ita, suna baza ta da tari da atishawa. Idan busasshiyar iska da ƙura suka raunana cikin hanci da maƙogwaro, sai ƙwayar ta sami hanyar shiga jini. Sabo da haka ne cutar ta fi ƙarfi a rani, ta kuma lafa da zarar ruwan sama ya sauka. Cunkoso na ƙara mata ƙarfi. Ɗakin kwanan ɗalibai, da zauren almajirai, da rumfar kasuwa, da ɗakin da mutum goma ke kwana ba taga, duk wuraren da ta fi so ne. Garin da ke da babbar kasuwa kamar Jega, ko mai tara 'yan ƙwadago da 'yan kasuwa lokacin cirar albasa kamar Aliero, lalle ne ya fi sauran garuruwa zama cikin shiri.

Alamunta sanannu ne: zazzaɓi mai zafi, da ciwon kai mai tsanani, da sanƙarewar wuya, da amai, da ƙin haske, wani lokaci har da jijjiga da fita hayyaci. Ga jariri kuwa maɗiga ta kan kumbura. Tana iya kashe mutum cikin kwana ɗaya. In ba a yi magani ba, wajen rabin waɗanda suka kamu na iya mutuwa. In an kai asibiti da wuri an fara allura, mafi yawa su kan tsira, ko da yake waɗansu kan tashi da kurumta ko wata nakasa.

Wannan cuta tsohuwar baƙuwa ce a ƙasar Hausa. Arewacin Nijeriya na cikin yankin da likitoci ke kira ɗamarar sanƙarau, wanda ya miƙe daga Senegal har zuwa Habasha, ya haɗa ƙasashe 26. Cikin 1996 mutum fiye da 100,000 suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu. Wannan ta'asa ce ta sa cikin 1997 Hukumar Lafiya ta Duniya da abokan aikinta suka kafa rumbun ajiyar alluran rigakafi wanda ƙasashe ke nema idan annoba ta ɓarke. Daga 2011 aka fara yi wa jama'a a Nijeriya wata sabuwar allura wadda ta karya lagon nau'in cutar da ake kira A. Sai dai cikin 2013 wani sabon iri na nau'in C ya ɓullo a Jihar Sakkwato, ya shigo Kebbi cikin 2014, cikin 2015 kuma Aliero da Jega suna cikin ƙananan hukumomin da suka fi shan wuya. Cikin 2017 nau'in nan ya bazu a Zamfara da Sakkwato da Katsina da Kebbi da Neja, inda mutum fiye da 14,000 suka kamu a ƙasar, fiye da 1,100 suka mutu.

Watau dai shekara goma cif tsakanin 2015 da 2025, cuta ɗaya ta koma garuruwa ɗaya, a lokaci ɗaya na shekara.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ajiye ma'auni mai sauƙin ganewa. Idan aka sami mutum 3 daga cikin kowane 100,000 sun kamu cikin mako guda, lokacin faɗakarwa ya yi, a fara bincike, a tanadi magani. Idan suka kai 10, annoba ce, kuma ana so a fara allurar rigakafi kafin mako huɗu su cika. A gundumar da ke da mutum 50,000 ke nan, marasa lafiya biyar cikin mako guda sun isa a buga ƙararrawa. Amma wannan lissafi ba ya yiwuwa sai malamin asibitin ƙauye ya rubuta abin da ya gani, ya aika wa jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma kowane mako, shi kuma ya tura gaba, sa'an nan an ɗebi ruwan laka an kai ɗakin bincike domin a san nau'in ƙwayar. Kowace gaɓa ta yi jinkiri, kwanaki sun tafi.

Annobar 2025 ta fara ne tun ƙarshen watan Janairu. Alluran rigakafi fiye da miliyan ɗaya da aka aiko daga rumbun duniya, domin 'yan shekara 1 zuwa 29 a Kebbi da Sakkwato da Yobe, sun iso Nijeriya ne cikin watan Afrilu. Allurar kuwa mai kyau ce, tana kare mutum daga nau'i biyar na cutar, kuma Nijeriya ce ƙasar farko a duniya da ta fara aiki da ita, cikin watan Maris na 2024. Amma tsakanin Janairu da Afrilu akwai makonni wajen goma, cikinsu ne aka yi jana'izar da aka yi.

GULBI MAI BAYARWA, MAI KARƁEWA

Gulbin Zamfara ya taso ne daga tuddan Jihar Zamfara, ya bi ta ƙasar Anka da Gummi, ya wuce ta Jega, ya je ya haɗu da Gulbin Rima a kudu da Birnin Kebbi. Arzikin fadamun Jega daga gare shi yake. Laka da yake shimfiɗawa kowace shekara ita ce takin shinkafa, ruwan da yake bari a ƙarƙashin ƙasa kuma shi ne na noman rani. Manomin fadama ba ya ƙin ganin gulbi ya tumbatsa. Abin da yake tsoro shi ne ruwan da ya zo da yawa lokaci guda, ya shanye shinkafa har kanta, ya kuma daɗe bai janye ba.

Haka ta faru cikin 2020. Daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba ruwa ya rufe gonakin shinkafa da hukumar agajin gaggawa ta jiha ta ƙiyasta sun kai kadada 450,000, ban da na gero da dawa da masara. Ƙungiyar manoman shinkafa ta ce asarar ta kai wajen tan miliyan biyu, watau fiye da rubu'in abin da ake sa ran girbewa a ƙasa baki ɗaya a wannan shekara. Gadoji sun karye, hanyoyi sun yanke, ƙauyuka da dama sai da jirgin ruwa ake shigarsu. A Tungar Gehuru, cikin ƙaramar hukumar Jega, kwale-kwale ya kife cikin kwanakin nan, aka rasa rayuka takwas.

Asarar ta yi zafi ƙwarai domin ta zo ne lokacin da jihar ta zuba ƙarfinta kan shinkafa. A Kebbi ne Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin rancen manoma na Babban Bankin Nijeriya cikin watan Nuwamba na 2015. Dubban manoma sun karɓi iri da taki da injin ban ruwa bisa alkawarin biya da abin da suka girbe. Da ruwa ya tafi da gona, sai ya bar bashi a wuyan mai gona.

Ba a nan abin ya fara ba, ba kuma a nan ya tsaya ba. Cikin Satumba na 2010 ruwan da ya kwararo daga madatsar Goronyo ya mamaye garuruwa a Sakkwato da Kebbi. Cikin 2012 ambaliya ta kashe mutum 363 a Nijeriya, ta raba fiye da miliyan biyu da gidajensu. Cikin 2022 mamatan sun haura 600. Cikin 2024 kuma gwamnatin Kebbi ta ba da sanarwa cewa ambaliya ta shafi ƙananan hukumomi 16 daga cikin 21 na jihar, mutum 29 suka rasu.

Abin lura a nan shi ne ruwan gulbi ba daga sama yake faɗowa kan gona ba. Tafiya yake yi. Ruwan da ya cika a Anka ko Gummi yana ɗaukar sa'o'i masu yawa, wani lokaci kwanaki, kafin ya iso Jega. A zamanin da kusan kowane magidanci ke da wayar hannu a aljihu, babu dalilin da zai sa ruwa ya riga labarinsa isowa. Sanda mai awo da aka kafa a bakin gulbi, da mutum ɗaya amintacce da ke duba ta safe da yamma, da lambar wayar hakimi da ta sarkin ruwa na garin da ke ƙasa, sun isa su ba ƙauye damar kwashe tsofaffi da yara da dabbobi da buhunan hatsi zuwa tudu. Iyakar jiha da ta raba Zamfara da Kebbi ba ta tsare ruwa, sabo da haka bai kamata ta tsare labari ba.

Har ila yau, kowace shekara Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara, hukumar kula da ruwan koguna ta tarayya kuma tana fitar da jerin ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya. A Abuja ake karanta waɗannan rahotanni, da Turanci, a gaban manyan baƙi. Manomin da ke Gindi ko Kimba ko Mungadi, wanda shi ne zai yanke shawarar inda zai shuka da ranar da zai shuka, sau da yawa ba ya jin ɗuriyarsu. Fassara su da Hausa, a karanta a rediyo, a kai wa limamai da masu unguwanni, aiki ne da bai fi ƙarfin ofishin gona na ƙaramar hukuma ba.

Akwai kuma dabarun rage asara tun daga gona. Cikin 2017 aka fitar da irin shinkafa guda biyu a Nijeriya, FARO 66 da FARO 67, waɗanda ke iya jure nutsewa cikin ruwa har wajen mako biyu su farfaɗo. Akwai Hukumar Inshorar Aikin Gona ta Nijeriya, wadda dokarta ta tanadi gwamnati ta ɗauki har rabin kuɗin da manomi zai biya. Ƙaramin manomi ba zai nemi abin da bai taɓa jin labarinsa ba, kuma malamin gona ne ya kamata ya kai masa labarin tun kafin ruwan farko.

YUNWA BA TA BUGA GANGA

Ambaliya da annoba suna zuwa da hayaniya, 'yan jarida su zo, manya su zo jaje. Yunwa kuwa a hankali take shiga gida. Daga 2022 ƙungiyar MSF ta fara aiki a babban asibitin Maiyama, inda ake kwantar da yaran da tamowa ta yi wa tsanani, daga baya kuma aikin ya faɗaɗa zuwa asibitin Sir Yahaya da ke Birnin Kebbi. Gadajen su kan cika ne a tsakiyar damina, lokacin da hatsin bara ya ƙare, farashi ya hau, sauro kuma ya yi yawa.

Waɗannan abubuwa ɗaure suke da juna. Gonar da ruwa ya ci cikin Satumba ita ce rumbun da zai zama fanko cikin Yuni. Yaron da bai ƙoshi ba shi ne zazzaɓi da ƙyanda da gudawa ke saurin kayarwa, wanda kuma ya tashi daga ciwo shi ne ke ƙara ramewa. Binciken ƙasa na 2021 ya nuna cewa Kebbi ce ta fi kowace jiha yawan yara 'yan ƙasa da shekara biyar masu ɗauke da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, kusan rabinsu. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka zaɓi Kebbi da Bayelsa domin fara allurar rigakafin zazzaɓin cikin watan Disamba na 2024.

Tsofaffi a ƙasar Sakkwato da kudancin Nijar ba su manta da yunwar da suka sa wa suna Muda ba, ta 1953 zuwa 1954. Abin mamaki game da ita shi ne ba fari ya kawo ta ba. Ruwa ne ya yi yawa ya lalata amfanin gona. Bayanta aka yi babban farin 1972 zuwa 1974, wanda ya kashe dabbobi ba iyaka a yankin Sahel. Mutanen da suka ga waɗannan shekaru sun san amfanin rumbun tsimi, wanda ba a buɗe shi sai wuya ta kai wuya. Yau kuwa manomi da yawa kan sayar da hatsinsa da kaka, da arha, domin biyan bashi da hidimar biki, ya koma ya saya da tsada a damina.

Gano tamowa da wuri ba ya bukatar likita. Akwai wani ɗan zare mai launi uku da ake auna damtsen yaro da shi. In awon ya gaza santimita 11.5, ya shiga ja, yaron na cikin haɗari, a kai shi asibiti nan da nan. Uwar da ba ta yi karatun boko ba tana iya koyon wannan awo cikin 'yan mintoci. Yaron da aka gano da wuri ana iya jinyarsa a gida da abincin nan mai gina jiki da ake yi da gyaɗa da madara. Wanda aka makara da shi kuwa sai gadon asibiti, in an samu.

WA KE DA ALHAKI?

A takarda dai ba a rasa tsari ba. Bayan farin shekarun 1970 aka kafa hukumar ba da agaji ta ƙasa cikin 1976, aikinta raba kayan taimako. Cikin 1999 aka maye gurbinta da Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, watau NEMA, aka ɗora mata har da aikin shiri da rigakafi. Tsarin ƙasa ya tanadi kowace jiha ta sami irin wannan hukuma, kowace ƙaramar hukuma kuma ta sami kwamitinta. A fannin cututtuka akwai Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Ƙasa, wadda aka sa wa dokarta hannu cikin 2018.

Rauni yana wajen matakin ƙarshe ne, wanda kuma shi ne mafi kusa da jama'a. A wurare da yawa na ƙasar nan kwamitin ƙaramar hukuma suna ne kawai, ba ya zama sai an yi ɓarna, ba shi da kasafi, ba shi da sito. Sai ruwa ya ci gari a fara rubuta wasiƙa zuwa babban birnin jiha, daga can a rubuta zuwa Abuja, a naɗa kwamitin ƙiyasta asara. Kafin buhunan shinkafa da tabarmi da bandir ɗin kwano su iso, waɗanda abin ya shafa sun daɗe da barin makarantar firamaren da suka fake a ciki. Wannan shi ne ihu bayan hari. Cikin watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Duk shugaban ƙaramar hukumar da kuɗinsa ya shigo hannunsa, ya kamata tanadin ranar masifa ya kasance cikin abubuwan farko da zai ware wa kaso.

Kafin zuwan waɗannan hukumomi ma jama'a suna da nasu tsari. Mai unguwa ya san kowane gida, ya san inda tsohuwa take, ya san inda mai ciki take. Sarkin ruwa ya san halin gulbi da jiragen da suka tsufa. Sanƙira na isar da shela cikin yini guda. Zamanin En'e duba-gari na shiga gida gida yana duba rijiya da kwata da masai. Da gayya ake gyaran hanya da yashe magudana. Sarakunan Jega da Aliero da Maiyama, ƙarƙashin masarautar Gwandu, har yanzu maganarsu na isa inda takardar ofis ba ta isa. Tsarin da ya bar su a waje ya bar rabin ƙarfinsa, gama mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

KOWANE AIKI DA LOKACINSA

Tun da masifun suna da watanninsu, shirin ma tilas ya sami nasa, kuma kullum ya riga su da zango ɗaya.

Da kaka ake shirin bazara. Cikin Nuwamba da Disamba ya kamata a ga maganin sanƙarau ya isa asibitocin Jega da Aliero da Maiyama, an sake horar da ma'aikata, an duba ɗakunan kwanan makarantu an buɗe tagogin da aka toshe, an kuma zauna da malaman tsangaya. A lokacin ne kuma ya dace a gargaɗi 'yan kasuwa game da wuta, a tabbata motar kashe gobara tana da ruwa da mai.

Da bazara ake shirin damina. Cikin Maris da Afrilu ake yashe kwatoci, a duba gadoji da kwalbatoci, a zaɓi tudun da kowane ƙauyen bakin gulbi zai nufa, a sanar da kowa. A lokacin ake raba iri mai jure ruwa, a ɗaga bakin rijiyoyi, a tanadi sinadarin tsabtace ruwa da gishirin haɗi na masu gudawa. A lokacin ne kuma sarakunan ruwa za su duba jirage, a kafa dokar yawan mutanen da kowane jirgi zai ɗauka, a samar da rigunan da ke hana nutsewa.

Da damina ake auna damtsen yara, a tabbata maganin rigakafin zazzaɓi da ake ba su wata wata ya shiga kowane gida. Da zarar ruwa ya janye kuma, sai a hanzarta da iri da injin ban ruwa, domin noman rani ne kaɗai ke iya mayar wa manomi wani abu daga abin da gulbi ya karɓe.

Ɗalibai ma suna da rabonsu. A Jega akwai kwalejin koyon aikin lafiya ta jiha, a Aliero ga jami'a. Ɗalibin aikin lafiya na iya koya wa iyaye mata alamun sanƙarau da awon damtse lokacin hutu. Ɗalibin injiniya ko na aikin gona na iya zana taswirar inda ruwa ya kai cikin 2020 da 2024, tun masu tunawa suna raye, alamar ruwan kuma ba ta goge daga bango ba. Irin wannan taswira ce za ta nuna wa hukuma inda bai kamata a ba da filin gini ba.

Ba mai hana ƙura tashi da bazara, ba kuma mai hana gulbi cika cikin Agusta. Mutanen ƙasar nan masu imani ne da ƙaddara, amma su ne kuma suka ce Allah ya ce tashi in taimake ka. Janairu mai zuwa iskar hunturu za ta sake kaɗawa a Aliero da Jega, Agusta mai zuwa ruwan Zamfara zai sake biyo hanyarsa. Abin da za a tarar a sito da kantar magani a ranar, da lambar wayar da za a kira, yanzu ne ake yanke shawararsu.